Gurbin Suna a Ƙasan Takarda

Ina cikin jirgin ruwan da ke tsallakar da mu zuwa St. George, unguwar da ke tsibirin da nake aiki, da safiyar Litinin, jakata a kan cinya, sai waya ta yi ƙara. 'Yar tsohuwar da nake jinya ce. Ta ce kada in yi sauri, mahaifiyarta ta rasu jiya da rana, ranar da ba na zuwa aiki, tana zaune a kujerarta ta bakin taga. Na yi salati. Sai ta ƙara da cewa duk da haka in ƙaraso, domin tsohuwa ta bar mini wani abu, ta kuma ce lallai a hannuna za a sa shi. Ba zan ɓoye ba, abin da ya fara zuwa raina ba tausayi ba ne. Tambaya ce: me ta bari, kuma me ya sa sai ni? Sai da jirgi ya kusa gaɓa sannan hawaye suka zo, tare da tunawa cewa akwai ƙaryar da na yi wa matar nan, kuma yanzu babu ranar warware ta.

Tsohuwar 'yar Japan ce, ta haura tamanin, ƙarama ƙwarai, gashinta fari fat. Shekara huɗu ina mata wanka, ina dafa mata abinci, ina ba ta magani a kan lokaci. Turancinta guntu ne, nawa ma haka, shi ya sa muka fi fahimtar juna da hannu da ido. Iya nake ce mata, ta kuma karɓa ba tare da ta tambayi ma'anarsa ba. Kowace safiya bayan karin kumallo sai ta sa in tura ta gaban wani ɗan tebur. Ta wanke hannu, ta kurkure baki, ta murza garin turare a tafinta, ta jefa ƙwayar kanumfari ɗaya a baki. Daga nan ba ta ƙara magana sai ta gama. Tana da wani baƙin dutse mai ɗan kwarmi, sai ta ɗiga ruwa a kai, ta ɗauki sandar tawada mai kama da guntun sabulun salo, ta yi ta gogawa a hankali har ruwan ya yi baƙi. Sannan ta ɗauki alƙalamin gashi ta fara, daga sama zuwa ƙasa, layi bayan layi, tana farawa daga dama kamar yadda muke fara namu. 'Yarta ta gaya mini karatun addininsu ne na Buda, gajere, shafi ɗaya, shi take kwafa kullum tun tana matashiya. Hannunta yana rawa idan ta ɗauki cokali, amma idan ta riƙe alƙalamin nan sai ya tsaya cak.

Ƙarar gogar dutsen nan ita ta fara mayar da ni gida. Mahaifina alaramma ne, Malam muke ce masa, mai rubuta izu sittin da ka, kuma da sana'ar ya ciyar da mu. Ni ce babba a gidanmu, don haka aikin tawada nawa ne. Tawadar allo daban, ta gawayi da ƙaro, wadda ake wankewa. Ta takarda daban, ita ake jiƙa wa bagaruwa kwana da kwanaki, a tace da tsumma, a dafa, a sake tacewa, idan ta hau takarda ta hau ke nan. Yatsuna ba su rabu da baƙi ba har na yi aure. Da hantsi Malam zai shimfiɗa buzu a zaure, ya ɗora takarda a gwiwa, ya fiƙe alƙalamin gamba, ya gwada bakinsa a farcen babban yatsa. Daga cikin gida muna jin ƙar-ƙar ɗinsa a kan takarda, da ɗan gunjin karatun da yake yi a maƙogwaro, da ƙwanƙwasar alƙalami a bakin kurtu idan ya dangwalo. Idan sautin nan yana tashi, ko daka ba a yi a gidanmu sai ya ɗaga. Baƙi zai fara rubutawa, bayan kwanaki ya dawo da jar tawada ya sa wasali, ganye ɗaya sai ya bi ta hannunsa sau uku. Littafi guda yakan ci shekara. Yau jikokina suna da izu sittin a cikin waya, su taɓa da yatsa wani ya karanta musu, kuma a wayar nan suke wasa, da ita suke shiga banɗaki sai na yi faɗa. Ban ce sun yi laifi ba, haka suka tarar. Amma ba su taɓa jin warin tawada a kan wuta ba, ba su san gida yana yin shiru saboda mutum ɗaya yana rubutu ba.

A zamaninmu suna ma ba abin wasa ba ne. Mace ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta faɗin na ɗanta na fari, wanda aka sa wa sunan babba kuwa sai dai a sakaya. Kakata ta wajen uba, wadda muka tashi a ɗakinta, kullum tana ja mana kunne cewa idan baƙo ya tambaye mu sunanmu mu ce 'yan gidan Malam ne, idan kuma ya tambayi sunan uwarmu mu ruga gida. Ta ce mai neman sunan mutum da na uwarsa rubutu zai kai su, kuma rubutu kamar wuƙa ne, ba ka sanin abin da za a yanka sai an yanka. A nan garin kuwa suna yana rataye a ƙirjin kowa. Ka shiga sayen shayi su tambaye ka sunanka, su rubuta a jikin kofi, su ƙwala shi cikin taro. Surukata ta sha kiran sunan mijinta gatsal a gabana, yaransu ma idan ana cika takarda su faɗi sunan ubansu ko ƙifta ido babu. Shekara da shekaru ina nan, har yau idan na ji sai gabana ya faɗi.

Ina da dalili. Wata shekara da damina, ina budurwa, ruwa ya zaizaye dokin ƙofar zaurenmu. Ina shara da safe sai tsintsiya ta tono wani ɗan ƙulli, an naɗe shi da baƙin zare an kuma rufe da fata. Na kai wa Malam. Ya sa wuƙar fiƙe ya yanke zaren ya buɗe, ni kuma ina tsaye a bayansa, na iya karatu, na gani da idona. Hatimi ne, a tsakiyarsa sunan Malam da na mahaifiyarsa. Ya daɗe yana dubawa. Abin da ya ce kawai shi ne wanda ya yi rubutun nan bai iya fiƙe alƙalami ba. Ya ninke takardar ya sa a gafakarsa, bai ƙara tayar da maganar ba. Kafin kaka ta zagayo hannunsa na dama ya fara rawa. Da farko wasali ne ke gocewa, daga baya baƙi ma ya gagara. Littafin da yake kai a lokacin ya tsaya a izu na arba'in da wani abu, haka aka ɗaure shi da igiya aka ajiye. Unguwa ta yi ta raɗa, wasu su ce wane ne, wasu su ce wane. Malam ya hana a ambaci kowa. Amma ni na ga suna a rubutun baƙon hannu, na kuma ga abin da ya biyo baya, babu wanda ya isa ya raba mini su.

Da na haifi ɗana na fari aka mayar masa da sunan Malam. Kunya biyu ta hau kan suna ɗaya. Mai Sunan Malam nake ce masa, tun yana goye har ya yi furfura a gemu, ban taɓa kiransa da sunansa ba ko a zuciyata. Shi ya kawo ni ƙasar nan. Tasi yake ja, yana ɗaukar fasinja daga JFK. Wata rana da azahar yana layin jira a filin jirgin, na gabansa suka ja, shi bai ja ba. Na bayansa suka yi ta hon, da suka gaji wani ya sauko ya leƙa. Likitoci suka ce zuciya ce. A kan wannan ba zan faɗi fiye da haka ba.

Bayan an yi bakwai na koma aiki, domin zaman ɗaki ya fi aikin wuya. 'Yar tsohuwa ta riga ta gaya mata. Ranar da na koma ta riƙe hannuna da hannayenta biyu masu sanyi. Na tura ta gaban tebur kamar kullum, ta yi rubutunta, ni ina ninke kaya. Da ta kai ƙarshen shafi sai ta cire kanumfarin daga baki, abin da ban taɓa ganin ta yi ba kafin ta wanke alƙalami. Ta nuna mini ƙasan takardar, can gefen hagu, inda ta bar fili.

“Ɗanki,” ta ce. “Sunansa.”

Na yi kamar ban gane ba. Ta sake nunawa, ta ce a nan ake rubuta wanda aka yi dominsa. Na dubi alƙalamin, bakinsa jiƙe da tawada, yana jira. Na dubi ɗan gunkin da ke kan kantarta da hayaƙin turare a gabansa. Sai na ga dokin ƙofar zaurenmu da baƙin zare.

“Tanko,” na ce.

Ta maimaita a hankali, Tan-ko, ta rubuta da wasu 'yan alamu, ta sunkuyar mini da kai. Duk Bahaushe ya san ɗan fari ba ya zama Tanko, sai namijin da aka haifa bayan 'ya'ya mata. Na zaɓe shi ne don ba na kowa ba ne a danginmu, kuma babu sunan uwa a tare da shi, duk abin da aka aika ba zai sami gidan sauka ba.

Da yamma a jirgin komawa na ba wa ƙawata labari, wata Hajiya 'yar Zangon Kumasi da ita ma take jinya a tsibirin, ita ce ma ta samo mini aikin. Hausarta irin tasu ce, ba ta raba mace da namiji. Ta kama haɓa ta ce, “Yaya, ka yi dabara. Mutum ya sa abu a baki, ba ya magana, ya ƙona turare, ya nemi suna, me ya rage? Ko a Kumasi haka suke yi. Daga yau kar ka sha komai a gidan.” Na ce ai tsohuwar ko tashi ba ta iyawa sai na ɗaga ta. Ta ce mai aiki da alƙalami ba ya bukatar ƙafa. Muka yi dariya, amma maganar ta zauna.

Akwai shayi kore da tsohuwa take son haɗawa da kanta bayan rubutu, shi kaɗai ne aikin da ta hana ni yi mata. Da can mukan sha tare. Daga ranar na fara lura da inda ruwan wankin dutse yake zuwa, domin mu da muka tashi a gidan malamai mun san rubutu ana wanke shi a sha. Ni nake wanke dutsen, ni nake zubar da ruwan, amma duk da haka idan ta miƙo mini kofi sai in kai baki in yi kamar na kurɓa, idan ta juya in tuttule a tukunyar furen da ke taga. Na daina barin ɗankwalina a gidan. Idan na taje kai a banɗakinta sai in tattara gashin in sa a jaka. Ina shiga da addu'a, ina fita da addu'a. Kuma duk wannan ina mata wanka da hannuna, ina shafa mata mai a baya, ina jin ƙasusuwanta kamar na tsuntsu. Ba zan iya bayyana yadda mutum yake tausayin wani yana kuma tsoronsa a lokaci guda ba, amma haka na zauna.

Wani sabon abu da ta ɗauka shi ya ƙara mini zargi. Kullum idan ta kai ƙarshen shafi sai ta tsaya, ta juyo takardar ta fuskance ni, ta riƙe alƙalami a sama, ta zuba mini ido. Ba ta cewa komai saboda kanumfarin. Ni kuma ban iya karanta ko ɗigo ɗaya na rubutunsu ba, abin da na ɗauka shi ne tana duba ko aiki ya fara ci. Sai in kawar da kai, in ce bari in duba tukunya. Ta ɗan jira, sannan ta ajiye alƙalamin. Haka muka yi fiye da wata guda, daga baya ta rage, sai ranar da ta ga idona ya kumbura. Furen taga ya bushe. Ta dube shi, ta dube ni, ta sa 'yarta ta sayo wani. Ba ta fasa miƙo mini kofi ba ko rana ɗaya.

Sau da yawa na yi niyyar gaya mata. Ba don na yarda da abin da take yi ba. Ni Musulma ce, na san abin da zai amfani ɗana addu'armu ce da sadakar da muke yi masa. Amma ƙarya ga tsohuwar da ke hannuna ta tsaya mini a wuya. Sai in shirya maganar a jirgi da safe, in jera Turancin, ina shiga na ji warin turaren nan sai in ce gobe. Shekara biyu ina cewa gobe.

Ranar Litinin ɗin na tarar da 'yarta ita kaɗai a falo, an tura kujerar bakin taga gefe. Na yi mata gaisuwa irin tamu, ta karɓa irin tasu. Ta ɗauko wani akwatin katako marar nauyi ta ɗora mini a cinya. Kafin in buɗe sai da na karanta abin da na karanta a zuci, na kuma duba ko an ɗaure shi da zare. Takardu ne, masu yawa, an jera su a tsanake. Ta ce a al'adarsu ana yi wa mamaci kwana arba'in da tara, mahaifiyarta ta cika su, ta kuma ci gaba jefi-jefi. Ta ce irin waɗannan ba a ajiye su a gida, aikawa ake yi wurin ibadarsu a Japan, kuma duk sauran na tsohuwa an aika, waɗannan ne ta hana, domin ba su cika ba. Ta zaro uku na ƙasa ta nuna mini inda aka rubuta Tanko. Sannan ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya tana ɗora yatsa a gefen hagu. Fili ne. Ko ni da ban iya karatunsu ba na ga fili ne.

Na tambaye ta dalili.

“Ta ce ba sunansa ba ne,” in ji 'yar. “Ta ce kin faɗe shi da sauƙi, kina kallon idonta. Yayana ya rasu yana ƙarami, kafin a haife ni, kuma ta yi shekaru ba ta iya furta sunansa ba. Ta ce idan kin shirya za ki faɗa.”

Ashe abin da take jira ke nan duk safiyar da ta juyo mini takarda. Na zauna da akwatin a cinya ina tuna kofunan da na tuttule. Na tuna kuma ƙullin nan na dokin ƙofa, karo na farko na tambayi kaina wa ya san sunan kakata na yanka a unguwar da kowa ke ce mata Inna, in ba 'yan cikin gida ba. Mai yiwuwa tsari ne wani nasa ya nema masa wajen ƙaramin malami, shi ya sa Malam ya adana shi a gafaka maimakon ya jefa a rijiya. Mai yiwuwa kuma abin da na ɗauka ne tun farko. Rawar hannu na ga irinta a nan wajen tsofaffi da yawa waɗanda ba a binne wa komai ba. Waɗanda za su iya gaya mini duk sun tafi.

'Yar ta ce hannunta ba kyau kamar na mahaifiyarta, amma ta iya rubuta suna, dutse da alƙalami suna nan a kan tebur, idan na faɗa za ta cike ta aika. Na buɗe baki. Shekara arba'in da biyar ban faɗi sunan nan yana raye ba, sai ga shi ana so in fara faɗinsa a gaban gunki, a ɗora shi a kan karatun da ba nawa ba, a kai shi ƙasar da ban sani ba. Na kuma san matar da ta yi wannan ba ta nufe ni da komai ba sai alheri, safiya bayan safiya. Na ce mata zan yi tunani. Ta ce babu gaggawa, ta rubuta mini lambarta a bayan wata ambulan.

Hajiyar Kumasi ta ce in zuba su a ruwa daga kan jirgi in huta. Ban zuba ba. Malam bai yarda a wulaƙanta takardar da mutum ya sunkuya ya rubuta ba, ko ta wane ne. Ban haɗa su da littattafaina ba, ban kuma ajiye su a ƙasa ba, suna saman kwaba a ɗakina a Harlem, a cikin akwatinsu. An sayar da gidan St. George, yanzu wani tsoho nake jinya a wata unguwa, ba na hawa jirgin ruwa. Ambulan ɗin tana cikin jakata. Ban kira ta ba tukuna, gurbin sunan yana nan ba a cike ba.